Ni kaɗai ce babbar da ke ɓoyewa tana karanta littafin yara?

Maman Haidar

Slm jama'a barkanmu da war haka. Dan Allah tambaya biyu gare ni amma kar a yi min dariya don an riga an yi min ita a gida har ta ishe ni.

Yarona shekararsa tara, makarantar kuɗi yake, kun dai san halinsu yaro ya yi Hausa a aji sai a ci shi tara, to magana dai yana yi ras amma in ka miƙa masa rubutun Hausa sai ya tsaya yana haɗa baƙi ɗaya ɗaya har ka gaji. Shi ne na ce bari in nemo masa abin da mu muka karanta, na ba da saƙo aka siyo min Magana Jari Ce na ɗaya zuwa na uku a Sabon Gari. Wlh yaron nan bai yi nisa ba ya ajiye ya koma kan kartun ɗinsa, ni kuwa da na ɗauka da niyyar in duba ko shafukan sun cika ban san sanda na nutse ba, yanzu haka na gama na ɗaya ina tsakiyar na biyu, a jaka nake yawo da shi, a ofis cikin fayil nake saka shi in an tafi sallah in buɗe. Ranar wata abokiyar aikina ta kama ni ta ce haba Hajiya ke da digirinki da 'ya'yanki ki zauna kina karanta labarin aku, shi ma Abban Haidar kullum sai ya tambaye ni wai yaushe za mu zana jarabawar fita firamare.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne da muna yara tsallake duk wani zancen Waziri da Musa muke yi mu faɗa kan labaran kawai, yanzu kuwa wannan wurin ne ya fi kama ni. Sarki ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa, yaro mai zafin kai, a gida, yaro kullum da dare sai ya yi ɗamara zai bi bayansu, shi kuma aku ba shi da ikon ya ce masa kar ka fita don ɗan sarki ne, in kuma ya bar shi ya fita kashinsa ya bushe, sai ya yi ta lallaɓa shi da yabo da labari har gari ya waye. Duk uwar da ke da ɗa namiji ta san wannan aikin wlh.

To tambayata, akwai manya a nan masu karanta irin waɗannan ko ni ce dai abin ya shafa. Na biyu kuma wane littafi za ku ba ni shawara in fara ba shi da shi tunda wannan ya yi masa nauyi, akwai kuma ƙanwarsa 'yar shekara shida ita ko baƙaƙen ba ta gama ganewa ba. Ngd

Baban Ikram

Hahaha Maman Haidar ki daina ɓoyewa, fito da shi ki ɗora kan tebur. Ni nan da kike gani da furfura a gemu Iliya Ɗan Maiƙarfi yana cikin mota ta kusa da takardun mota, in na kai madam kasuwa ta ce minti goma ta dawo (kin san minti goman mata) shi nake buɗewa. Kuma shi zan ce ki ba Haidar, don namiji ɗan shekara tara ba abin da yake so irin faɗa da doki da ƙato, kuma littafin siriri ne ba zai tsorata shi ba. Yaro ne da aka haifa gurgu yana zaune wuri ɗaya shekara da shekaru iyayensa na zuwa gona su bar shi, sai wasu baƙi suka zo ya miƙe, ya samu dokinsa Ƙwalele ya nufi birnin Kib wajen Sarki Waldima. Ahmadu Ingawa ne ya rubuta.

Kin san wani abu, sai da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 ana ta kiran Kiev a rediyo sannan na bi diddigi, ashe asalin labarin na can ne, jaruminsu ne na gargajiya Iliya Muromets, Kib ɗin nan Kiev ce, Waldima kuma wani sarkinsu ne na da can Vladimir. Mu kuwa muna aji huɗu mun ɗauka wani gari ne a bayan Katsina. Da na gaya wa abokina da muka yi firamare tare rantsuwa ya dinga yi wai ƙarya nake.

Ita abokiyar aikin taki ki tambaye ta wane littafin manyan ta karanta a bana, ina tabbatar miki in ba hirar WhatsApp ba babu.

Tsohon Hedimasta

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi wa yaran albarka. Na koyar a firamare har na yi ritaya don haka ki yi haƙuri zan ɗan ja zancen.

Da farko littafin nan da kike ɓoyewa a fayil ban yarda na yara ne kaɗai ba. Gaskiya ne don makaranta aka yi shi, Abubakar Imam yana malami a Midil ta Katsina aka ɗauko shi zuwa Zariya ya zauna ya rubuta, ya fara fitowa a 1937, amma a zamanin da muka taso a zaure ake karanta shi, wanda ya iya boko ya riƙe littafi kusa da fitila, dattawa da magidanta su kewaye shi, yara ma sai dai su raɓe a bakin ƙofa. Ruwan Bagaja ma haka, shi gasa aka sa a 1933 a ofishin fassara na Zariya ƙarƙashin wani Bature Rupert East, Imam lokacin shekararsa 22, a gasar nan ne aka samu Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi, kuma ba wanda ya ce musu ku rubuta wa ƙananan yara, cewa aka yi a rubuta labari da Hausar boko don masu karatu su samu abin karantawa. Daga baya da aka sa su a manhaja ne mutane suka ɗauka kayan 'yan makaranta ne. Shi kuma Imam ai shi ne editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara ta a 1939, alƙalamin da ya rubuta wa sarakuna da ma'aikata labarin yaƙin duniya shi ne dai ya rubuta aku.

Sai batun Haidar. Kin fara masa daga sama ne. Yaron da yake haɗa baƙi ƙarfinsa duk yana ƙarewa wajen fitar da kalma, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta, ga jimlolin Imam dogaye, ga kayan sarauta da na yaƙi, lifidi da sulke da zagi da shamaki, abubuwan da bai taɓa gani ba sai ko a hawan sallah. Abin da za ki yi ki raba aikin biyu. Abin da zai karanta da kansa ya zama mai sauƙi ƙwarai har ya raina shi, in kin samu Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu to, kar ki ce ya girme su, sati kaɗan zai wuce su kuma zai ji shi gwani ne. Daga nan Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, littafi shida ne, gajeru gajeru, Gizo da Ƙoƙi da sauransu, akwai waƙoƙi a ciki da ƙanwar za ta kama da baki tun ba ta iya karantawa ba. Shi kuma Magana Jari Ce ke za ki karanta musu da baki, tunda kunnen yaro ya riga idonsa nisa, abin da ba zai iya karantawa ba zai fahimce shi sarai in an karanta masa. Ki zaɓi masu ban dariya tukuna, Kalala da Kalalatu, Sahoro da Sahorama. Ki canza murya. In kin zo inda Kalalatu ke ɗanɗana kajin nan tana cewa bari ta ƙara kaɗan ki dakata ki tambaye su me suke gani zai faru in baƙo ya iso. Ni a aji in na zo wurin da Kalala ya biyo baƙo a guje da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko guda ɗaya, shi yana nufin kaza baƙo kuma ya ɗauka jikinsa ake nufi, rufe littafin nake yi in ce sai gobe, ki ga yara kamar su yi kuka, washegari kafin in shigo wani ya riga ya saci kallon ƙarshen. Wanda ya saci kallon nan ya koyi karatu ke nan.

Bayan Iliya da Baban Ikram ya faɗa ki nemi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, yaro ne Kilba da wani baƙo daga sama ya ɗauke shi suka yi yawon sararin samaniya, yaran yanzu masu son kartun yana shiga ransu. Shaihu Umar da Jiki Magayi ki ajiye su sai ya shiga sakandare, na farko bauta ce da satar yaro da uwa tana bin sawun ɗanta har hamada, na biyu ɗaukar fansa ce tun daga farko har ƙarshe. Ke dai ki karanta abinki.

Sadauki

Baba Hedimasta Allah ya ƙara girma, ba gardama zan yi da kai ba amma a bar ni in faɗi nawa. Ni matsalata ba babba ya karanta littafin yara ba ne, kowa da abin da yake hutawa da shi, wani ƙwallo wani fim ɗin Indiya. Matsalata duk sanda aka ce a ba da shawarar littafin yara da Hausa sunaye biyar ɗin nan dai su za a jero, kuma ku duba shekarunsu, 1934, 1937, na baya bayan ma ya haura shekara hamsin. Mu muna son su ne don suna tuna mana benci da allo da ƙamshin sabon littafi, to shi yaron da aka haifa bayan 2015 me ya haɗa shi da wannan. Sai mu tura masa abin da mu muke kewa in ya ƙi mu ce yaran zamani ba sa son karatu. Ɗana na ba shi Ruwan Bagaja ya karanta kaɗan ya ce Abba wai shi Alhaji Imam ɗin nan mutumin kirki ne ko mugu, don ya ga duk garin da ya je sai ya yi wa Malam Zurƙe wata muguntar, na rasa amsar da zan ba shi a take.

Kuma ku duba marubutanmu na yanzu, tun daga wajen 1980 da wani abu aka cika kasuwar Kano da littattafan soyayya, yanzu sun koma waya ana biya ana karantawa, ɗaruruwan marubuta mata da maza amma da wuya ka ji wanda ya ce shi yara yake rubuta wa. Dalili a fili yake, littafin yara sai da zane, zane sai da mai zane da kala da takarda mai kauri, kuɗin bugawa ya ninka, shi kuma uba Bahaushe zai sayi na Turanci dubu nawa don makaranta ta tilasta amma na Hausa ya ce ya yi tsada. Ina labarin yarinyar da ke zuwa makaranta a adaidaita, ina labarin almajiri da ɗan boko da suka zama abokai, ina na yaron da ya ɓata a Kantin Kwari. Ni wannan nake so in gani, manyan da ke jin daɗin karanta na da su zauna su rubuta na yanzu.

Ummu Sumayya

Tambayar da ɗan Sadauki ya yi ita ce dalilin da ya sa ni ba na ba yaro littafin da ban karanta da girmana ba, ko da kuwa na haddace shi ina yarinya. Abin da ka tuna daban abin da ke cikin takarda daban. Ni da na koma kan tsofaffin nan na ga wurare da yawa da ake yi wa Bafillace da Bamaguje da baƙauye dariya, mace kuma sau da yawa ko makira ce ko sakarya, ga bayi ana kyauta da su, ga a fille kan wane a rataye wane. Ban ce a ƙone su ba, zamaninsu ke nan kuma Hausar da ke ciki ba ka samunta ko'ina yanzu, amma ni kakar 'ya'yana ta wajen uba Bafillatana ce, ba zan miƙa wa yarinya labari ta je ta karanta ita kaɗai ta zo tana kallon kakarta wani iri ba. In ni ke karantawa nakan tsaya in ce kun ji abin da aka ce a nan, ku kun yarda? Sai a yi ta musu, wani lokacin musun ya fi labarin daɗi.

Na Turancin ma haka suke ko sun fi, wata mata ta kawo wa 'yata tsaraba daga waje bangonsa kyakkyawa da 'yar tsana da furanni, da na zauna na karanta ban bari ya kwana a ɗakin yara ba. Don haka Maman Haidar in an sake yi miki tsiya ki ce aiki kike yi, tantancewa kike.

Ɗan Damagaram

Gaisuwa daga Nijar 'yan uwa. Mu nan lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci muka yi ta, iyayenmu Mamadou et Bineta suka karanta, mu kuma mushe, wato malamin lakwal, ya karanta muna labarin Leuk zomo da kura wanda Senghor shugaban Senegal na farko suka rubuta shi da Abdoulaye Sadji a 1953, ka ga mutumin da daga baya ya zama shugaban ƙasa guda bai ji kunyar rubuta labarin zomo ba balle mai karantawa. Littattafan Hausa kuwa daga wajenku suke zo muna, 'yan kasuwa masu zuwa Kano su ke riƙo su, ni Magana Jari Ce sai da na girma na koyi karanta Hausa da kaina sannan na karanta shi, kenan ban taɓa saninsa a matsayin littafin yara ba, Sadauki ka ga ni ba kewar benci ta sa nake son shi ba.

Wanda nake so in faɗa shi ne Le Petit Prince na Saint-Exupéry, 1943. An sa mu karanta shi muna yara na ƙi jininsa, ba faɗa ba dariya, yaro yana ta tambaya. Matuƙin jirgin sama ne jirginsa ya lalace a tsakiyar Sahara sai ga wani ɗan yaro ya ce ya zana masa tunkiya. Abin da kawai ya burge mu lokacin shi ne kuka, wai a duniyar yaron kuka ce abin tsoro, kullum da safe sai ya tumɓuke 'ya'yanta don kar saiwarta ta fasa masa 'yar duniyarsa, mu da muke miya da ita muka yi ta dariya. Na sake ɗaukarsa bayan rasuwar mahaifiyata Allah ya jiƙanta, a tasha ina jiran mota zuwa Yamai, wallahi sai da na juya fuska don kar a ga idona. Wurin da yaron ke sallama da matuƙin yana gaya masa kar ya zo ya ga tafiyarsa don zai yi kamar ya mutu. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya na bi ta kan wurin nan ban ji komai ba.

To shi wannan ban san ma ko in ce a ba yaro ba. Ni dai manya nake ba shi.

Anti Nas

Allah ya jiƙan Mama, Ɗan Damagaram.

Ni dijutin dare ne ya maida ni kan littattafan yara. Ƙarfe uku na dare ward ya yi tsit kin gama ba da magani ba ki isa ki yi barci ba, kanki kuma ba zai ɗauki wani littafi mai shafi ɗari huɗu ba, waya kuma in kin buɗe labaran kashe kashe ne, to siririn littafi da za ki gama kafin asuba ya fi min komai. Kuma ba zan ɓoye ba da su na gyara Turancina, don na fito sakandaren gwamnati ina jin kunyar buɗe baki gaban likitoci.

Tunda Haidar ya fi ƙarfi a Turanci kar ki yaƙi wannan, ki ba shi na Turancin da labarin gida ne a ciki. The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, 1960, shi marubucin Ibo ne amma a Minna aka haife shi ya san Arewa, labarin a cikin jirgin ƙasa ake ba da shi, akwai wasan shanci akwai Kano, sai dai akwai kisa da ramuwa don haka ki fara dubawa kamar yadda Ummu ta ce, ni zan ce sai ya kai sha ɗaya. Chike and the River na Achebe ya fi dacewa da shi yanzu, yaro ne a Anaca da burinsa kawai ya samu kuɗin jirgin fito ya haye kogin Kwara zuwa Asaba. Wani ƙaramin buri amma sai kin ji kamar ki ciro kuɗin ki ba shi.

Ita kuma ƙaramar, Sadauki ba wai babu sababbi sam ba ne, ba sa zuwa kasuwa ne. Ki shiga African Storybook ko StoryWeaver a intanet ki zaɓi Hausa, kyauta ne, masu zane da kala, layi ɗaya ko biyu a shafi, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ni saukewa nake in kai shagon kwamfuta a buga min a haɗa da sitefula don in na ba su wayar ba karatun za su yi ba. Sai dai ki karanta kafin ki buga, wasu fassara ce daga wani yare kuma Hausar wani lokacin sai a hankali, nakan gyara da biro. In kina da 'yar uwa malamar firamaren gwamnati a Bauchi ko Sakkwato ki tambaye ta littattafan Mu Karanta, don koyon baƙaƙe suna da kyau.

Batun kunya kuma, a Ingila da Harry Potter ya fito manya suka yi ta karantawa a jirgin ƙasa har sai da kamfanin ya buga shi da wani bango daban mara zanen yara saboda su. Kin ga fayil ɗinki ba ke kika fara ba lol

Tsohon Hedimasta

Sadauki ɗana maganarka tana kan hanya, ban ƙi ta ba. Abu ɗaya zan ƙara. Shi Imam ɗin da muke ta kira ba daga sama ya ɗauko labaransa ba, zama ya yi da girmansa ya karanta tatsuniyoyin mutanen duniya, Dare Dubu da Ɗaya, na Indiya inda dabarar aku mai ba da labari ta fito, na Jamusawa 'yan uwan nan Grimm, ya kwaɓe musu riga ya sa musu tamu har ba ka iya ganewa. Kalalatu a can wata kuku ce a gidan Bajamushe. Wanda zai rubuta maka labarin yarinya a adaidaita dole sai ya kasance irin Maman Haidar ne, babba mai karanta na yara yana lura da inda aka sa dariya da inda aka ja rai. Wanda ya raina su ba zai iya ba, in ya gwada wa'azi zai rubuta ya sa wa yaro suna a sama, irinsu sun sha zuwa hannuna ina hedimasta, yara ba sa kaiwa shafi na uku.

Tambayar ɗanka kuma ka koma masa da ita, ka ce shi me ya gani. Ai Zurƙe ma ba ya barin bashi, duk abin da aka yi masa sai ya rama a gari na gaba. Yaron da ya iya tambayar ko jarumin labari mutumin kirki ne ya wuce a ce ba ya son karatu.

Sadauki

Na karɓa Baba. Amma dai ina nan kan bakata a kan kuɗin bugawa, ranar da iyaye suka fara sayen na Hausa da kuɗinsu ba sai gwamnati ko Turawa sun raba kyauta ba, ranar za a samu marubuta.

Maman Haidar

Kai jama'a na gode ƙwarai, Baba Hedimasta Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ɗan Damagaram Allah ya kai haske kabarin Mama. Jiya bayan isha na gwada Kalala kamar yadda Baba ya ce har da canza murya, ƙaramar ce ma ta fi shiga ciki tana ta cewa Mama za a kama ta za a kama ta, shi kuma mai cewa zan zana jarabawar firamare yana falo wai kallon labarai yake amma na ji sanda ya rage ƙarar talabijin ɗin.

Anti Nas na shiga African Storybook ɗin na sauke guda uku zan kai a buga. Saura Iliya da Tatsuniyoyi da Wasanni, wanda na aika ya zaga bai samu na biyun ba, Iliyan kuma da ya samo irin bugun bayan fage ne rubutun ya dusashe shafi biyu ma a juye suke sai na ce ya mayar. Dan Allah wanda yake Zariya ko ya san inda ake samun bugun NNPC na asali (ta littattafai fa ba ta mai ba) ya taimaka ya faɗa min nawa ne yanzu, ko da na hannu ne in dai shafukan sun cika ina so.